Iceland: Ƙasar Wuta da Ƙanƙara, Shin Ana Iya Zuwa Yawon Buɗe Ido?

Cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce mai riƙe da babbar waya bai ci karo da bidiyon Iceland ba. Ko dai narkakken dutse ja-wur yana malala a bayan wasu gidaje cikin dare, ko kuma wani koren haske yana rausaya a sararin samaniya kamar mayafin da aka shanya iska na kaɗawa. Maganganu iri uku nake yawan ji daga mutanenmu idan hirar ƙasar ta taso. Wani ya ce ai ƙasar ta kusa nutsewa, wa zai kai kansa ga halaka. Wani ya ce an ce rana ba ta faɗuwa a can, to yaya ake sallah da azumi. Na ukun, wanda ya fi damuna, shi ne labarin cewa gwamnatin ƙasar tana biyan dala dubu biyar duk wata ga baƙon da ya auri 'yar ƙasar. Wani ƙanena ya taɓa turo min wannan saƙo da tsakar dare, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah da gaske ne?" Kafin gari ya waye har ya fara tambayar kuɗin fasfo.

To shin Iceland wuri ne da mutum zai tashi daga Kano ko Maraɗi ya je ya gani ya dawo lafiya, kuma bisa wane sharaɗi? Ana iya zuwa, mutane fiye da miliyan biyu suna zuwa a shekara. Sai dai abin da jama'armu suka fi tsoro ba shi ne ke cutar da baƙi ba, abin da suka fi kwaɗayi kuma babu shi sam.

Wace ƙasa ce wannan?

Tsibiri ce a can arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Norway da Greenland. Faɗinta murabba'in kilomita dubu 103, wato kamar Jihar Kano sau biyar, amma mutanenta ba su kai dubu 400 ba. Akwai ƙananan hukumomi a cikin birnin Kano da suka fi ta yawan jama'a. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasar suna zaune ne a babban birni Reykjavik da kewayensa, sauran kuma sun bi gaɓar teku sun zagaye tsibirin da ƙananan garuruwa na masunta da makiyayan tumaki. Tsakiyar ƙasar fayau take: baƙin yashi, busasshen dutse, da tsaunukan ƙanƙara. Mafi girmansu, Vatnajokull, shi kaɗai ya rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar.

Mutanen Norway ne suka fara zama a can wajen shekara ta 874, kuma a 930 suka kafa majalisarsu mai suna Althingi, wadda har yau da sunan ake kiran majalisar dokokin ƙasar. Ta daɗe a hannun Denmark kafin ta zama jamhuriya ranar 17 ga Yuni 1944. Ba ta da rundunar soja. Wani abu da Bahaushe zai gane nan take shi ne yadda suke raɗa suna: galibinsu ba su da sunan dangi irin na sauran Turawa, da sunan uba ake kiran mutum, ɗan wane ko 'yar wane. Vigdis Finnbogadottir, wadda suka zaɓa shugabar ƙasa a 1980, ma'anar sunanta Vigdis 'yar Finnbogi.

Ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda muke zato. Masu kallon ƙwallo ba za su manta da 22 ga Yuni 2018 ba, ranar da Ahmed Musa ya zura mata ƙwallo biyu a Volgograd a gasar cin kofin duniya. Akwai kuma alaƙar da ta girmi wannan. Ka shiga layin masu busasshen kifi a Sabon Gari, ka ga kawunan kifin nan masu tauri kamar itace da ake farke su daga buhun algarara, waɗanda Inyamurai ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla. Da yawansu daga Iceland da Norway suke zuwa. Najeriya ce babbar kasuwar busassun kawunan kifin Iceland tun shekaru masu yawa, har ta kai lokacin da naira ta faɗi a 2015 da 2016, masana'antun busar da kifi a ƙauyukan can sai da suka ji a jikinsu.

Maganar aman wuta

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Ɓawon duniyar nan ba dunƙulalle ba ne, gida-gida yake, kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke. Iceland tana zaune ne daidai kan ɗinkin da ya haɗa ɓangaren Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, kuma ɓangarorin biyu suna janyewa daga juna da kimanin santimita 2 a shekara. Inda ƙasa ta tsage, narkakken dutsen da ke ƙarƙashi yakan sami hanya ya fito. A Thingvellir, wurin da tsohuwar majalisar ke zama, mutum zai iya takawa da ƙafarsa a cikin tsagar, bangon baƙin dutse a gefensa.

Yankin da ke cikin labarai shi ne Reykjanes, wani hancin ƙasa a kudu maso yamma. Ya yi kusan shekara 800 yana barci, sai ranar 19 ga Maris 2021 wuta ta ɓullo a Fagradalsfjall. Wancan karon a daji abin ya faru, nesa da gidaje, mutane ma tururuwa suka riƙa yi zuwa kallo. Lamarin ya sauya ranar 10 ga Nuwamba 2023, lokacin da ƙasa ta riƙa girgiza tana tsagewa a cikin garin masunta na Grindavik, aka kwashe mutanen garin su kusan dubu huɗu a dare ɗaya. Ranar 18 ga Disamba wuta ta fito arewa da garin. Ranar 14 ga Janairu 2024 ta kai ga gefen gari ta cinye gidaje uku. A Fabrairu ta yanke babban bututun ruwan zafi, dubban mutane suka yi kwanaki a tsakiyar hunturu ba abin ɗumama ɗaki. A Nuwamban 2024 ta rufe filin ajiye motoci na shahararren wurin wankan nan Blue Lagoon. Gwamnati ta gina manyan ganuwoyi na ƙasa da duwatsu don karkatar da malalar, ta kuma saye gidajen mutanen Grindavik da yawa domin su sami abin komawa wani wuri.

Wannan musiba ce ta gaske, kuma duk wanda ya taɓa ganin an tashi gari zai tausaya musu. Amma a lura da abu biyu. Na farko, duk wannan a wani ɗan lungu yake faruwa, kuma filin jirgin saman Keflavik, da ke cikin yankin ma, bai daina aiki ba. Na biyu, narkakken dutsen bai kashe kowa ba. Wanda aka rasa ma'aikaci ne da ya faɗa cikin tsagar ƙasa a Grindavik a Janairun 2024 yana aikin cike ta.

Masu tuna 2010 za su ce, to ai a lokacin an rufe sararin samaniyar Turai. Haka ne. A Afrilun shekarar, dutsen Eyjafjallajokull ya yi aman da ya sa aka soke tashin jirage fiye da dubu 100 cikin kimanin mako guda. Bambancin shi ne wancan dutse a ƙarƙashin ƙanƙara yake. Idan wuta ta haɗu da ƙanƙara sai ta tarwatse ta zama toka mai laushi kamar garin kwalba, iska ta ɗauke ta sama, kuma ita ce ke lalata injin jirgi. Na Reykjanes kuwa tsaga ce ke buɗewa dutse ya malalo kamar kunu, tokarsa kaɗan ce. Abin da ake gudu a kusa da shi shi ne iskar guba da kuma sabon dutsen da ya yi ɓawo a sama alhali cikinsa wuta ce. Shi ya sa 'yan sanda ke rufe hanyoyin wurin.

Wutar nan kuma ita ce arzikinsu. Kusan gida tara cikin goma da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama shi, lantarkinsu kuma kusan gaba ɗaya daga ruwa da tururin ƙasa yake fitowa. Da zafin suke noma tumatir da kokwamba a ɗakunan gilashi, da shi ake busar da wasu daga kawunan kifin da ke zuwa mana. Baƙo zai fara sanin haka ne a banɗakin otal: ka murɗa famfon ruwan zafi, sai warin farar wuta ya doki hancinka kamar an fasa baragurbi. Ba lalacewa ruwan ya yi ba, haka ya fito daga ƙasa. Na sanyin kuwa garau yake, ana shansa kai tsaye daga famfo.

Yadda karayar arziki ta jawo baƙi

Kafin 2010 ƙasar ba ta cikin wuraren da duniya ke rububin zuwa. A Oktoban 2008 manyan bankunanta uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka durƙushe cikin mako guda, kuɗinsu kurona ya zube, ƙasar ta yi wa baƙi araha na ɗan lokaci. Sai ga tokar 2010 ta sa sunanta a bakin kowa. Gwamnati ta ga dama ta samu, ta shiga tallata ƙasar, kamfanin jirgin Icelandair kuma yana bai wa masu ratsawa tsakanin Turai da Amurka damar yada zango na 'yan kwanaki ba tare da ƙarin kuɗin tikiti ba. Hotunan Instagram suka ƙarasa aikin. Baƙin da ba su kai rabin miliyan ba a 2010 suka haura miliyan biyu da dubu ɗari uku a 2018. Yawon buɗe ido ya sha gaban kifi da alminiyom wajen kawo kuɗin waje.

'Yan ƙasar ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Masu otal, masu motocin haya da ƙauyukan da matasa suka fara gujewa suna cewa baƙi ne suka fitar da su daga ƙangin 2008. Wasu kuma suna kukan kuɗin haya a Reykjavik, inda gidaje da yawa suka koma masaukin baƙi, har aka kafa dokar da ta taƙaita wa mai gida kwana 90 a shekara idan ba shi da lasisin kasuwanci. Akwai kuma masu kukan ƙasar kanta. Wani koren gansakuka mai laushi yana rufe tsofaffin duwatsun, kuma idan aka tattake shi sai ya ɗauki shekaru masu yawa bai farfaɗo ba. Saboda haka sauka daga titi da mota a shiga daji laifi ne mai tara mai nauyi. Ni dai ina ganin masu wannan kuka suna da gaskiya. Idan gari mai mutum ɗari ya karɓi baƙi ɗari biyar, dole rijiya ta nuna.

Hasken sama, da ranar da ke ƙin faɗuwa

Koren hasken nan gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita ɗari daga ƙasa, sai ta yi haske. Amma sai da duhu ake ganinsa kuma sai sama ta washe, wato daga Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Mutum zai iya yin mako guda gajimare bai ba shi dama ba. Kyamara kuma ta fi ido kama launin. Sau da yawa abin da ido ke gani fari-fari ne kamar hayaƙi, sai a hoto ya fito kore shar. Duk wanda ya ce maka ya ba ka tabbacin gani, kuɗinka yake so.

A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa a Reykjavik wajen ƙarfe goma sha biyun dare, ta sake fitowa kafin ƙarfe uku, tsakanin nan ma duhu ba ya rufawa. A ƙarshen Disamba kuwa sai bayan sha ɗaya na safe take leƙowa, ƙarfe uku da rabi ta tafi. Ke nan ba a haɗa biyun a tafiya ɗaya: mai son hasken sama ya haƙura da gajeren yini da mugun yanayi, mai son zagaya ƙasa ya zo tsakanin Yuni da Agusta.

Sunan ƙasar yana nufin ƙasar ƙanƙara, amma sanyinta bai kai sunan ba, domin wani ɗumin ruwan teku da ke tasowa daga kudu yana sassauta shi. A Janairu ma'aunin zafi a Reykjavik yana yawo ne kusa da sifiri, a Yuli kuma wajen digiri 11 zuwa 13. Wato bazararsu kamar asubahin hunturun Jos take. Iska da ruwan sama su ne masu wahalarwa.

Biza, da labarin auren dala dubu biyar

Labarin auren ƙarya ne. A 2016 ya ɓulla a intanet, hukumomin Iceland suka fito suka ƙaryata shi, amma duk bayan 'yan shekaru sai a sake masa riga a turo. An gina shi ne kan cewa wai maza sun yi ƙaranci, alhali ƙididdigar ƙasar ta nuna maza sun ɗan fi mata yawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya yaɗa labarin yana neman masu latsa shafinsa ne, ko kuma yana jiran wanda zai ce a yi masa hanya.

Iceland ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen tun 2001, wato rukunin ƙasashe 29 da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu. Ɗan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan duk sai da biza. Ta ziyara tana ba da izinin kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun 11 ga Yuni 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Ana neman inshorar lafiya da za ta iya biyan yuro dubu 30, fasfo da zai yi aƙalla wata uku yana aiki bayan ranar fitowarka, shaidar masauki da ta jirgi, da bayanan asusun banki. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya ko Nijar. A inda ba ta da ofishi, wata ƙasar Schengen ce ke karɓar buƙatu a madadinta, kuma jerin wakilan yana shafin gwamnatinta. Ƙa'ida ita ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Masu dabarar neman bizar wata ƙasa daban don an ce ta fi sauƙi, alhali ba can za su ba, suna iya gamuwa da tambayoyi a filin jirgi, kuma abin yakan biyo su a nema na gaba. Bizar Birtaniya ba ta shiga da mutum Iceland. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an canja a wuri irin Frankfurt, Amsterdam, Paris ko Landan, kuma mai fasfon Najeriya da zai bi ta Landan yana iya buƙatar bizar ratse ta daban.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Alƙaluman Tarayyar Turai na 2024 sun nuna an ƙi fiye da kashi 40 cikin ɗari na buƙatun bizar Schengen da aka shigar daga Najeriya. Abin da jami'in ke nema ya gamsu da shi guda ne: za ka dawo? Aiki tsayayye, kasuwanci mai rajista, iyali, tarihin tafiye-tafiyen da ka je ka dawo, su ne ke magana. Kuɗin da aka aro aka zuba a asusu mako biyu kafin nema, suna gane shi. Ina ganin akwai rashin adalci a tsarin da ke karɓar kuɗin talaka ya hana shi ba tare da gamsasshen bayani ba, amma haka tsarin yake a yau, kuma wanda zai shiga gara ya shiga da idonsa biyu.

Bizar ziyara ba ta halatta aiki. Gaskiya ne akwai baƙin ma'aikata da yawa a otal-otal da masana'antun kifi, mafi yawansu 'yan Poland, to amma su 'yan Turai ne masu 'yancin aiki a can. Wanda ya fito daga wajen Turai sai mai ɗaukar aiki ya nema masa izini tun kafin ya fara, kuma doka ta fifita 'yan gida da 'yan Turai. Mai tunanin ya shiga ya ɓace ya tuna tsibiri ne mai babbar ƙofa ɗaya, mutanensa kaɗan, kusan komai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake yi, kuma ba ƙasar da ake kwana a waje ba ce.

Aljihu

Tana cikin ƙasashe mafi tsada a Turai. Yawancin kaya shigo da su ake yi ta ruwa, albashi yana da yawa, haraji ma haka. Babu jirgin ƙasa ko ɗaya, don haka ko dai motar haya ko bas na masu zagayawa da baƙi. Daga filin jirgi zuwa Reykjavik ma tafiyar kusan kilomita 50 ce. Kusan komai da kati ake biya, har wasu banɗakunan kan hanya da famfunan mai marasa ma'aikaci, saboda haka a tabbatar katin banki yana aiki a waje kafin a tashi. Masu tattali suna kama masauki mai madafa su yi cefane a manyan kantuna irin Bonus da Kronan. Abin da ke rage zafi shi ne yawancin abin kallon, mafaɗar ruwa ta Gullfoss, ko maɓulɓular Strokkur da ke tsartuwa sama duk bayan 'yan mintuna, ba a biyan kuɗin shiga, sai dai na ajiye mota a wasu wurare.

Sallah, azumi, abinci da wanka

Musulmi kaɗan ne a ƙasar, amma akwai su, kuma akwai wuraren sallar Juma'a a Reykjavik, ciki har da na ƙungiyar Musulmin Iceland da aka kafa a 1997, a titin Armuli. Da ka bar babban birni sai dai ka shimfiɗa dardumarka. Alƙibla gabas take, da ɗan karkata zuwa kudu.

Lokutan sallah su ne ke buƙatar shiri. A Disamba, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shiga cikin awa biyu da 'yan mintuna. A Yuni rana tana faɗuwa, amma jan shafaƙi ba ya gushewa har alfijir ya keto, don haka alamar Isha ba ta bayyana. Malamai sun daɗe da tattauna wannan, suna kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka yi umarni da a ƙaddara lokaci a ranar da ta yi tsawo. Wasu suka ce a bi lokacin ƙasa mafi kusa da dare da yini ke rarrabuwa sosai, wasu suka ce a bi na Makka, wasu kuma suka ce muddin rana tana fitowa tana faɗuwa to da ita za a yi aiki. A 2016, da Ramadan ya faɗo a Yuni, masu bin rana sun yi azumin fiye da awa ashirin. Yanzu watan yana gangarowa cikin hunturu, kuma idan ya kai Disamba azumin kusan awa takwas ne. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli; ya zauna da malaminsa kafin ya tashi.

Abinci ba matsala ba ne ga mai cin kifi, domin da wuya a sami inda ya fi nan sabon kifi. Akwai skyr, wani abu mai kauri kamar kindirmon da aka tace, da busasshen kifi da suke yagowa su shafa wa man shanu. A yi hattara da tsiran biredin nan da ake kira pylsa wanda ake tallata wa kowane baƙo, akwai naman alade a haɗinsa. Sauro kuwa, ƙasar ta yi suna da rashinsa, har da aka ga guda uku a Oktoban 2025 sai da labarin ya zagaya duniya. Ba zazzaɓin cizon sauro.

Wuraren wanka na ruwan ɗumi su ne dandalinsu, kusan kowane gari yana da nasa, a nan ake hira kamar yadda muke yi a majalisa. Dokarsu ita ce kowa ya tuɓe ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga, a ɗakin maza ko na mata, kuma a wurare da yawa ɗakin a buɗe yake ba labule. Cikin ruwan kuma maza da mata a haɗe suke. Wasu wuraren suna da keɓaɓɓen ɗaki idan an tambaya. Gara mutum ya san wannan tun daga gida ya yanke wa kansa hukunci, da ya biya kuɗi ya tsaya a ƙofa yana jin nauyi.

Abin da ke halaka baƙi

Kusa da garin Vik, a kudu, akwai gaɓar teku mai baƙin yashi da ake kira Reynisfjara. Hotonta na cikin waɗanda suka fi yawo. Ruwan yakan yi kamar ya lafa, ƙananan igiyoyi suna zuwa suna komawa nesa da ƙafarka, ka juya baya don a ɗauke ka hoto. Sai wata igiya guda ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya da nisa, ta share ƙafafu, ta ja mutum cikin ruwan da sanyinsa ke kashe jiki cikin mintuna. Baƙi da dama sun mutu a wurin, har aka kafa fitilun gargaɗi. Mu da yawancinmu ba mu tashi kusa da teku ba, wannan ya fi aman wuta zama abin tsoro. A Agustan 2024 kuma kogon ƙanƙara ya rufta kan masu yawon buɗe ido, mutum ɗaya ya rasu.

Sai hanya. Babban titin da ya zagaye ƙasar ya kai kimanin kilomita 1,320, siriri ne, da gadoji masu ɗaukar mota ɗaya, da tumakin da ke faɗowa titi lokacin bazara. A hannun dama ake tuƙi kamar a gida, fitila a kunne dare da rana, gudu ba ya wuce kilomita 90 a awa a kan kwalta. Iska tana iya fizge ƙofar mota daga hannunka ta lanƙwasa ta, kuma inshorar motar haya galibi ba ta biyan wannan. Hanyoyin tsakiyar ƙasa masu alamar harafin F sai da bazara ake buɗe su, kuma sai mota mai jan ƙafa huɗu. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, shawarata ya bar tuƙin hunturu ya bi bas.

Hukumar yanayi tana fitar da gargaɗi mai launin rawaya, ruwan lemo da ja a shafin vedur.is, shafin safetravel.is kuma yana ba matafiyi damar ajiye bayanin inda ya nufa da lokacin da zai dawo. Lambar gaggawa 112 ce. Waɗanda ke fitowa neman wanda ya maƙale a dusar ƙanƙara 'yan sa kai ne, masunta da malaman makaranta da makanikai da ke barin aikinsu ko gadonsu idan waya ta buga, kuma da sayar da kayan wasan wuta na sabuwar shekara suke tara yawancin kuɗin aikin. Idan aka gitta shinge a hanya aka rubuta "Lokað", ma'anarsa an rufe.